Haƙar Kwal Da Ƙafewar Rijiyoyi: Darasi Ga Mutanen Kwarin Binuwai

Hausawa kan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma mutanen Garwa shaida ne a kan wannan magana, domin duk da cewa kogin Binuwai ta bakin gari yake wucewa, ruwan famfon da ke shiga unguwanni irin su Hausare da Fulɓere da Yelwa da Rumde Ajiya daga rijiyoyin burtsatse ake zuƙo shi. A ƙauyukan Pitowa da Ngong da Gidar kuwa, rijiyar guga da foraj mai famfon tuƙa-tuƙa su ne madogarar mutum da dabba tun daga ɗaukewar damina a watan Oktoba har zuwa faɗuwar ruwan farko.

Sai dai akwai wani irin tono wanda maimakon ya kawo ruwa, korarsa yake yi, shi ne tonon ma'adinai a can cikin ƙasa. A duk faɗin Arewacin Kamaru babu inda ake haƙar kwal a yau, amma maƙwabtanmu na Nijeriya da muke zaune da su a kwari ɗaya sun haura shekara ɗari suna haƙarsa, kuma abin da ya sami ƙoramu da rijiyoyinsu a rubuce yake. Ga shi kuma idon masu neman ma'adinai ya dawo kanmu. Ana tonon zinariya a Mayo Rai, ana fasa farar ƙasa da dutsen mabul a Figil da Bidzar, an daɗe da sanin akwai yuraniyom a Kitongo kusa da Poli, sannan a 2024 gwamnati ta ba da lasisin haƙar ƙasar alminiyom ta Minim da Martap a jihar Adamawa. Kwal yana cikin ma'adinan da aka fi daɗewa ana nazarin ɓarnar da ramukansu ke yi wa ruwa, don haka darasinsa ya shafi duk wani rami da zai wuce rijiyar talaka zurfi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Yadda Ruwa Yake Zaune A Ƙasa

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa wani kogi ne yake gudana a ƙarƙashin ƙasa, wanda mai ginin rijiya ke yin sa'a ya faɗa a kansa. A mafi yawan wurare ba haka abin yake ba. Ruwan yana kwance ne a cikin 'yan ƙananan ƙofofin yashi da tsakuwa da dutsen yashi, kamar yadda soso yake riƙe ruwa in an tsoma shi a bokiti. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa akan sami yumɓu ko dutse marar ƙofa wanda ke tare ruwan ya hana shi zurarewa ƙasa, tamkar gindin randa. Ruwan sama ne ke cika wannan taska sannu a hankali, shi ya sa igiyar guga take gajarta a watan Satumba, ta yi tsawo a watan Afrilu.

Garwa ta yi dace, domin a kan dutsen yashi mai kauri take zaune, ga kuma rairayin da Binuwai ya daɗe yana shimfiɗawa. Wannan dutse ɗan'uwan wanda yake Yola ne, saboda masana ƙasa sun nuna cewa kwarin Binuwai wata doguwar tsaga ce guda ɗaya mai tsawon kusan kilomita 1,000, wadda ta taso daga kudancin Nijeriya, ta rabu biyu a arewa maso gabas, reshe ɗaya ya bi Gongola, ɗaya kuma ya bi ta Yola ya shigo har ƙasar Garwa. A cikin wannan tsagar ne aka sami kwal na Lafiya da Obi, da na Lamja a Adamawar Nijeriya, da na ƙasar Gwambe, kuma a bakinta na kudu ne kwal ɗin Inugu yake. Da zarar an fita daga kwarin zuwa ƙasashen duwatsu kamar Gidar da Poli da Cholire, ruwan ƙasa ba shi da wannan yalwa, a cikin tsagogin dutse kawai yake maƙalewa, shi ya sa ake ganin mata suna tonon yashin mayo da rani.

Hanyoyin Da Rami Ke Cin Rijiya

Hanya ta farko ita ce ta tsotsewa. Ramin kwal kan yi zurfin da ya wuce inda ruwa yake kwance, don haka ruwa ta ko'ina yake tsattsafowa cikinsa. Leburori ba za su yi aiki a cikin tafki ba, dole kamfani ya kafa injuna su yi ta zuƙe ruwan dare da rana suna zubarwa waje. Ta haka ramin ya zama wata babbar rijiya da ta fi kowace rijiya a yankin zurfi, ruwan kewaye kuwa gangarowa yake yi zuwa gare ta. Bisan ruwan ƙasa sai ya lotsa ya yi siffar mazurari, tsakiyarsa a ramin, bakinsa kuma yana iya kaiwa nisan kilomitoci gwargwadon irin dutsen wurin. Rijiyoyin hannu marasa zurfi su ke fara ƙafewa, sai idanun ruwa da ƙoramu su biyo baya. Mai rijiya zai kira masu yasa, su yashe, su ƙara gaba ɗaya ko biyu, ruwa ya dawo na ɗan lokaci, kafin baɗi ya sake gudu.

Ta biyu ita ce ta ruftawa. A tsohon tsarin haƙa, akan bar ginshiƙai na kwal su riƙe rufin rami, waɗanda bayan shekaru sukan gaji su murƙushe. A tsarin zamani kuwa, inji ne yake aske shimfiɗar kwal ɗin gaba ɗaya, a bar rufin ya rufta a bayansa da gangan. Duwatsun da ke sama sai su tsattsage, kuma tsagar takan hau har ninki 30 ko fiye na kaurin kwal ɗin da aka cire. Ke nan in an cire kwal mai kaurin mita 2, tsaga tana iya hawa mita 60. Idan ta kai ga yumɓun nan da ke riƙe da ruwan sama, to gindin randa ya fashe, ruwan sai ya zurare ƙasa. Binciken da aka yi a yankunan kwal na Amurka ya nuna cewa wasu rijiyoyin sukan farfaɗo bayan watanni ko shekaru, musamman na cikin kwari, amma na kan tudu da yawa ba sa dawowa.

Ta uku, wadda ta fi daɗewa tana cuta, ita ce ta tsami. A cikin kwal da duwatsun da ke maƙwabtaka da shi akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinariya, wanda haɗin ƙarfe ne da farar wuta. Muddin yana binne babu iska, ba ya cutar da kowa. Da zarar an buɗe rami, iska da ruwa suka taɓa shi, sai ya riƙa haifar da irin sinadarin nan na ruwan batir. Wannan ruwa mai tsami yana narkar da ƙarfe da alminiyom da manganis da wasu ma'adinai masu guba daga jikin dutse, ya kwashe su zuwa ƙorama ko rijiya. Masana suna auna tsamin ruwa da wani ma'auni daga 0 zuwa 14, inda ruwan sha mai kyau yake tsakanin 6.5 da 8.5, kuma kowane mataki ɗaya da aka sauka, tsamin ya ninka sau goma. Ruwan da ke fitowa daga tsofaffin ramukan kwal yakan sauka zuwa 3 ko ƙasa da haka, wato kusa da jiƙon tsamiya.

Abin Da Ya Faru A Inugu

A shekarar 1909 ne wani Bature masanin duwatsu mai suna Albert Kitson ya tabbatar da samuwar kwal a tsaunukan Udi. Saboda wannan kwal ne aka kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka kuma ja layin dogo da ya haɗa ta da Inugu a 1916. Da shi jiragen ƙasa suka yi shekaru suna jan gyaɗar Kano zuwa bakin teku. Garin ya tara baƙi daga ko'ina, har da 'yan Arewa, ta yadda magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950 wani mai fataucin shanu ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine. A nan ne kuma 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe leburorin kwal 21 a mahaƙar Iva ranar 18 ga Nuwamba, 1949. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai kusan tan 900,000 a shekara, daga nan kuma jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya zo ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka.

Babban abokin gabar mahaƙan Inugu shi ne ruwa, domin a saman shimfiɗar kwal ɗin akwai wani dutsen yashi mai kauri da ake kira Ajali, wanda yake ɗaya daga cikin manyan taskokin ruwan ƙasa na kudu maso gabashin Nijeriya. Ta tsagogin da haƙa ta buɗe, ruwa mai kyau yakan sauko cikin ramukan Onyeama da Okpara, ya haɗu da farar wuta ya yi tsami, sannan a zuƙe shi a zubar. Wani bincike da aka buga a 1993 ya ƙiyasta cewa kimanin lita miliyan 18 na irin wannan ruwa ake zubarwa a kowace rana cikin ƙoramun yankin. Asarar ta zama biyu ke nan, an rage taskar sama, an kuma ɓata ƙoramar ƙasa, alhali kogin Ekulu da ke karɓar ruwan Onyeama ta cikin gari yake ratsawa, jama'a suna wanka da wanki a cikinsa.

Tun farkon shekarun 2000 aka daina fitar da kwal daga waɗannan ramuka, amma binciken da jami'o'in Nijeriya suka riƙa yi bayan rufewar ya ci gaba da samun ruwa mai tsami da ƙarfe yana kwararowa daga bakunansu. Gaskiya ne cewa ƙarancin ruwan da Inugu ta yi suna da shi yana da wasu dalilai, domin shi kansa garin a kan dutsen laka marar ba da ruwa yake zaune, ga kuma lalacewar bututu. Amma wannan ya ƙara nuna girman asarar, tunda garin da ba shi da wadatar rijiya shi ne ya fi buƙatar ƙoramarsa ta zauna da tsabta.

Maiganga Da Arewacin Nijar

Mahaƙar kwal da ke kusa da mu ita ce ta Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gwambe, kada mai karatu ya rikita ta da Meiganga tamu ta jihar Adamawa. Daga Garwa zuwa can bai kai kilomita 300 ba a miƙe. Tun wajajen 2007 aka tashi mutanen ƙauyen aka sake musu matsuguni domin a haƙo kwal ɗin da kamfanin simintin Ashaka ke ƙonawa. Ita wannan mahaƙa buɗaɗɗen rami ce, ba ta ƙarƙashin ƙasa ba, amma tsotsewa da tsami ba ruwansu da ko rami yana da rufi. Shekara da shekaru mazauna yankin suna kai kukansu ga 'yan jarida da ƙungiyoyin kare haƙƙi a kan ruwan sha da gonaki da ƙura.

A Jamhuriyar Nijar kuma, kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yana haƙar kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin, inda tun 1981 yake samar da wutar da ke tafiyar da mahaƙan yuraniyom na Arlit. A can ne aka ga abin da ramin ƙarƙashin ƙasa ke yi a hamada. Mahaƙar COMINAK ta Akuta, mai zurfin kusan mita 250, ta yi aiki daga 1978 har zuwa 31 ga Maris, 2021, kuma ruwan da aka riƙa zuƙewa a yankin tsohon ruwa ne da ya taru tun dubban shekaru, wanda ɗan ruwan saman hamada ba zai mayar da shi ba. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace ta fitar a 2010 tare da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa ya ce an yi amfani da lita biliyan 270 cikin shekara 40, kuma huɗu daga cikin samfura biyar na ruwan da suka auna sun haura iyakar yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata. Kamfanin Areva, mai mahaƙan a lokacin, bai amince da duk abin da rahoton ya ƙunsa ba.

Bashin Da Ba Ya Ƙarewa

Wani zai ce ai in an rufe rami magana ta ƙare. Abin da aka gani a duniya ya saɓa wa haka, domin ranar da aka kashe injunan zuƙa, ruwa yakan fara hawowa yana wanke duk tsamin da ya taru a bangon rami, har ya sami mafita ta wata ƙorama ko rijiya. A Janairun 2012 ruwan mahaƙan kwal ya gurɓata madatsar garin Karolina a Afirka ta Kudu, mutane suka yi kusan wata bakwai ba su da ruwan famfon da za su sha, har sai da kotu ta umarci hukuma ta kai musu ruwa. A Faransa an rufe mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin Loren a watan Afrilun 2004, bayan haka ruwan ƙasa ya riƙa tasowa yana barazana ga gidajen da aka gina lokacin da wurin yake bushe.

Jamus ta rufe ramin kwal ɗinta na ƙarƙashin ƙasa na ƙarshe, Prosper-Haniel a yankin Rur, a Disamban 2018. A wasu wurare na yankin ƙasa ta lotsa da fiye da mita 20, kuma dole a ci gaba da zuƙe ruwan ramukan don kada ya hau ya haɗu da ruwan sha. Su da kansu suna kiran wannan aiki da sunan nauyi na har abada, kuma gidauniyar da suka kafa dominsa a 2007 tana kashe sama da Yuro miliyan 200 a kowace shekara, wato fiye da sefa biliyan 130. Sai mai karatu ya tambayi kansa, wace ƙaramar hukuma ce a jihar Arewa za ta iya ɗaukar ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan?

Me Ya Kamata A Yi Tun Yanzu?

Duk rigimar da ake yi tsakanin kamfani da mutanen gari a kan rijiya, a wuri ɗaya take cijewa: mutane su ce da ruwanmu lafiya lau yake, kamfani ya ce ina shaida? Ga shi kuma ba kowace ɓarna ce ta ma'adinai ba. Rijiya takan ƙafe saboda fari, takan gurɓace saboda masai ya yi kusa da ita, wani lokaci kuma dutsen ne da kansa, kamar yadda aka gano a kwarin Mayo Tsanaga inda sinadarin fuloraid na cikin dutse yake rina haƙoran yara. In babu awon da aka yi kafin a fara tono, mai ƙarfi ne zai ci shari'a. Saboda haka ne jihar Fensilbaniya ta Amurka ta yi doka a 1994, wadda ta ce idan rijiya ta lalace a cikin wani kewaye da aka shata a saman ramin kwal, za a ɗauka laifin kamfani ne har sai ya kawo hujjar wanke kansa, kuma dole ya kai wa mai gida ruwan wucin gadi cikin awa 24.

Mu ma ba dokoki muka rasa ba. Dokar muhalli ta 5 ga Agusta, 1996 ta wajabta nazarin illar kowane babban aiki kafin a fara shi, dokar ruwa ta 14 ga Afrilu, 1998 ta hana zubar da abin da zai gurɓata ruwan sama ko na ƙasa, sannan dokar ma'adinai ta Disamban 2023, wadda ta maye gurbin ta 2016, ta tanadi asusun gyara wuraren haƙa bayan an tashi. Tun 2010 kuma aka miƙa wa ƙananan hukumomi alhakin rijiyoyi da foraj na karkara. Masana ma muna da su, akwai cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai ta IRGM a nan Garwa, da makarantar ma'adinai ta Meiganga, da ta Kaele, ga kuma Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da rijiyar ƙauye.

Aikin farko ba ya buƙatar kuɗi. Kowane jauro ko lawan zai iya sa kwamitin ruwa ya auna zurfin ruwan kowace rijiya da igiya mai alamar mita sau biyu a shekara, a Afrilu da Satumba, a rubuta a littafi da kwanan wata, a ajiye kwafi a ofishin magajin gari. Duk inda aka ji labarin za a ba da izinin haƙa, ya kamata magajin gari ya nemi a ɗebi ruwan rijiyoyin kewaye a kai ɗakin bincike kafin a kafa inji, a kuma karanta wa jama'a sakamakon da Fulatanci da Hausa. Kada lamiɗo ko lawan ya sa hannu a kan alkawarin baka, a rubuta wanda zai sake rijiya in ta ƙafe, da cikin kwana nawa, a kuma tabbatar an ajiye kuɗin gyara tun kafin tono ya yi nisa.

Su ma magidanta akwai alamun da ya kamata su lura da su: igiya tana ƙara tsawo alhali damina ta yi kyau, ruwa yana ɗanɗanon ƙarfe, jan laka kamar tsatsa yana kwanciya a gindin randa, farin kaya yana yin ja a wanki, shayi yana yin baƙi, ko bututun famfo yana ruɓewa da wuri. Sai dai a sani cewa dalma da zaiba da yuraniyom ba su da launi ko ɗanɗano a ruwa, kuma tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire ma'adini. Wannan ya shafi masu tonon zinariya na gargajiya kai tsaye, domin wankin ƙasa da zaiba a bakin mayo ko kusa da rijiya, gidan mai wankin yake fara komawa.

Babu mai cewa a bar arzikin da Allah Ya binne mana a ƙasa, matasanmu suna buƙatar aiki, ƙananan hukumomi suna buƙatar kuɗin shiga. Amma ma'adini yakan ƙare cikin shekara 30 ko 40, kamfani ya naɗe kayansa, garin kuwa yana nan da 'ya'yansa da shanunsa suna neman abin sha. Muna kira ga gwamnan jihar Arewa da magadan gari da sarakunanmu da su sa a fara wannan awo a ranin bana, tun rijiyoyin suna da ruwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya sa mu dace, amin.